Bindigogi Biyu na Ɗantsoho

Mijin yayata, Malam Ɗantsoho, mutum ne da zai shiga shagon takalmi ya fito kafin ka gama gyara tsayuwa, da takalmin a ƙafa, ko da yana matse shi. Haka ya kama gidan da suke haya a Alƙahira, unguwar Hayyus Sabi', bai ko leƙa banɗaki ba. In ka tambayi Yaya Dije za ta ce ita ma haka ya zaɓe ta, kallo ɗaya ya yi mata a gidan suna ya tura manya. To, wannan mutumin ne ya share shekaru yana zaɓe tsakanin bindigogi biyu, har furfura ta gama cinye masa kai, ni kuwa ina gefe haushi yana cina.

Ni ne Sabo, autan su Yaya Dije. Karatu ya kawo ni Alƙahira, na sauka a gidansu, karatun ya ƙare ni kuma na maƙale. Yanzu jallabiyoyi da littattafai nake haɗa wa 'yan kasuwar Kano ina tura musu. Tunda ƙanin matarsa nake, akwai wasa tsakaninmu, kuma ban taɓa ɗaga masa ƙafa ba. Sarkin Baka nake kiransa, wato shugaban mafarauta, alhali ko ɓeran kicin bai taɓa kashewa a gabana ba. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce zai haɗa ni da yayata.

Sunan bai faɗo daga sama ba. Gidansu a Tungar Marke, wani ƙauye a bakin daji can yamma da garinmu, gidan farauta ne tun kaka da kakanni. A gidan, yaro yana bin ubansa daji yana riƙe masa ƙahon albarushi, wani lokaci a ba shi bindigar uban ya gwada hannu, amma ba ya zama cikin manya wurin rabon nama sai ranar da aka ƙera masa tasa. Uban ne ke zaɓen icen ƙota da kansa, ya auna tsawonta da hannun yaron, ya kai wa maƙeri. Mahaifin Ɗantsoho, Baba Badamasi, ya riga ya saro maɗaci mai kyau, icen yana bushewa a rumfar maƙeri, sai ga gurbin karatu a Masar ya faɗo wa yaron, don kansa yana ja a makarantar Arabiyya ta cikin gari. Tsohon ya ce ya tafi, ice ba ya gudu. Kafin ya kammala karatu tsohon ya rasu. Da ya je gida yin aure ya tambayi icen, babu wanda ya san inda ya shiga, wataƙila ma an dafa tuwo da shi.

Fiƙihu ya karanta, ya samu shahadarsa, amma da harshe ya ci abinci. Shi ne tafintan marasa lafiya da ke zuwa daga gida. Ya tarbo su a filin jirgi, ya samar musu masauki, ya kai su asibitocin unguwar Mohandessin, ya zauna tsakanin likita da majinyaci yana juya Larabci zuwa Hausa. Mutane da yawa daga bakinsa suka fara jin sunan ciwon da ke jikinsu. Suna son sa saboda taushin magana, ko da yake na lura in sakamako ba shi da daɗi ba ya iya kallon mai shi, sai ya kawar da kai yana magana da bango.

Wani majinyaci ne ya ja masa wannan jarabar. Tsohon soja ne da aka yi wa aiki a gwiwa, zaman ɗaki ya ishe shi, ya ce a kai shi inda zai ji ƙarar bindiga ko ya samu barci. Likitansa ya kwatanta musu wani ƙaramin kulob ɗin harbi a gefen gari, ta hanyar Suwes. Sojan ya warke ya koma gida, ya bar Ɗantsoho a can. Ɗantsoho ya ce mini yana shiga ƙofar wurin, warin albarushi ya buge shi, sai da ya dafa bango.

Wurin ba wani abin kallo ba ne. Katanga ce a bakin sahara, da doguwar rumfa, da takardu masu zane zagaye-zagaye da ake kafawa can nesa. Likitoci da injiniyoyi da tsofaffin ma'aikata ne ke zuwa, su toshe kunne, su huda takarda, su sha shayi, kowa ya kama gabansa. Bindigogin na wasan harbi ne, harsashinsu bai fi kan ƙaramin yatsa ba, kuma irin masu ɗura kansu ne: ka harba, ita da kanta ta tofar da kwanso ta ɗauko wani harsashin, naka kawai ka sake taɓa kunama. Babu bindigar da ke fita daga katangar. Amma wurin yana da ka'ida, wanda ya daɗe yana zuwa yana iya zaɓar ɗaya a ɗaura mata sunansa, ta zauna a kabad, ba mai taɓa ta sai shi. Mai riƙe da makullan kabad ɗin wani Bamisire ne, Mu'tasim, mai gashin baki kamar tsintsiya. Shi ya fara ce wa Ɗantsoho lokaci ya yi da zai zaɓi tasa, bai san ya jawo wa kansa aikin shekaru ba.

Akwai wata ƙirar Amurka da ya sallama tun ranar farko, wai ƙotarta ta yi wa hannunsa gajarta. Saura biyu. Sunayen kamfanoninsu suna rubuce a jikinsu, amma shi da ƙasar kowace yake kiranta, Bajamushiya da Baturkiya. Bajamushiya ƙotarta ice ce mai duhu, tana da nauyi, in ta zauna a kafaɗa ba ta rawa, kunamarta taushi gare ta, ka yi niyya kawai ta tashi. Sai dai tana da tsirfa. Ba kowane harsashi take ci ba, in ƙura ta shige ta sai ta cije, in wani abu ya lalace kuma sai an jira shi daga ƙasar waje. Baturkiya baƙar roba ce, shafal a hannu, duk abin da aka ɗura mata ta haɗiye, rairayin sahara bai dame ta ba, kayan gyaranta kuma suna nan cikin gari. Amma kunamarta sai ka matsa da gaske, kuma muryarta ba ta da daɗi.

Na haddace wannan karatun ne ba don ina so ba. Kowace Juma'a bayan masallaci ina cin abinci a gidansu, tuwon semo da miyar kukar da matafiya ke kawo wa Yaya Dije, kuma kowace Juma'a sai an yi mana bita. Wannan makon ice ne gaskiya, namiji ba ya jingina kuncinsa da roba. Mako mai zuwa kuma, me za a yi da kyan da ba ya jure ƙura? In na ce ya jefa kwabo sama a huta, sai ya kalle ni da tausayi, ya ce ba a yi wa bindiga haka. Yaya Dije ba ta sa baki. Ta ƙara masa miya, ta ɗauke kwanon da ya gama da shi.

Wata Asabar na bi shi don in ga abin da idona. Ya karɓi Bajamushiya daga hannun Mu'tasim da hannu biyu, ya tsaya, ya ɗora ta a kafaɗa, ya daidaita baki da takarda. Har nan kamar gwani. Sai kawai na ga ya runtse ido, ya juyar da fuska gefe, sannan ya harba. Bai tsaya nan ba. Ya sauke bindigar, ga ta cike da harsashi tana jiransa, hannunsa na dama ya tafi ƙugu yana laluben abin da babu. Ya daɗe a haka, ido rufe, kamar mai sauraren kiran salla daga nesa. Na yi dariya har sai da wani likita ya harare ni.

Mu'tasim ne ya ja ni gefe ya ce in ƙyale shi, shi ya gaji. Ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya nuna masa cewa wannan bindigar ba ta tofa wa kowa wuta a fuska, duk a banza. Ni na san inda abin ya samo asali. Bindigar toka irin ta ƙauyenmu tana feso wuta ta baya, wani lokaci ma ta fashe, shi ya sa mafarauci ke saita hannu ya kafe shi, ya kawar da fuska, sannan ya ja. Wanda bai koyi haka ba yakan ƙare da ido ɗaya, kuma a Tungar Marke akwai irinsu. In ka harba kuwa shi ke nan, sai ka sauke, ka jira hayaƙi ya washe, ka lalubo ƙahon albarushi a ƙugu ka sake ɗuri. Baba Badamasi ya dasa masa wannan a jiki tun yana ƙarami, shekarun Alƙahira duk ba su cire ba. Harbinsa yana samun takardar, wani lokaci kusa da tsakiya, wani lokaci can gefe. Misirawan wurin sun saba, har sun daina kallo.

A hanyar dawowa, cikin mikrobas, ƙaramar bas ɗin haya, muna matse tsakanin wata mata mai kwandon tumatir da wani ɗalibi mai barci, sai ya fara ba ni labarin daji. Ba kamar mai tuna abin da ya wuce ba, kamar wanda yanzu ya fito daga ciki. Ya ce kanya ta nuna a bakin rafi, birai sun zubar da rabi a ƙasa. Ya ce akwai wata fadama da raɓa ke kwana a cikinta har hantsi, in ka ratsa ciyawar wandonka ya jiƙe zuwa gwiwa, zabi su tashi gabanka gaba ɗaya. Ya ce Baba yana tafe a gaba ba ya waiwaye, sai dai ya ɗaga yatsa ɗaya in ya ga sawun gada, kai kuma ka tsaya cak da numfashinka a ciki. Yana magana, dogayen gine-ginen unguwar Madinat Nasr suna wucewa ta taga, direba yana zagin wani mai tasi, shi kuwa ko a jikinsa. Na ɗauka tsufa ne ya fara taɓa shi. Daga baya Yaya Dije ta ce mini haka yake duk ranar da ya je harbi, yakan dawo da dajin a bakinsa har ya kwana biyu bai ƙare ba.

Dajin nan kuwa duk mun san halin da yake ciki. Mutanen Tungar Marke sun watse tuntuni, 'yan uwansa suna raɓe a gari, wasu a Gusau, wasu a Kano. Waɗanda ke yawo da bindiga a cikinsa yanzu ba gada suke nema ba. In baƙi daga gida suka ɗauko zancen a falonsa, sai ya tashi ya ce zai sabunta alwala, ba zai dawo ba sai an koma hirar farashin shinkafa.

'Yarsu ɗaya ce, Nuha. A nan aka haife ta, a nan ta karanta haɗa magunguna, sannan ta auri wani ɗan Kano suka koma can. Tun a lokacin Yaya Dije ta ce zama ya ƙare, su ma su tattara. Ya ce ta yi gaskiya, amma ta yi masa haƙuri da abu ɗaya. Ba zai koma ya zauna cikin 'yan uwansa yana namijin da bai taɓa mallakar bindiga ba. Bari ya zaɓi tasa, a ɗaura mata sunansa, ya harba ta sau ɗaya tana matsayin tasa, sai su tafi. Ta ga abin bai fi na mako biyu ba, ta amince. Azumi ya zo ya wuce, wani ya zo ya wuce, ana nan ana auna ice da roba.

Sai bana Nuha ta bugo waya ta ce tana da ciki, na fari. Yaya Dije ba ta yi masa gardama ba, ba halinta ba ne. Kasuwar Ataba ta tafi ta sayo manyan jakunkuna ta jere su a tsakiyar falo, inda sai ya tsallake su kafin ya kai ga kujerarsa. Kullum sai wani abu ya shiga ciki, yau kayan jarirai, gobe hulba da man zaitun, jibi zannuwan da ta daɗe tana ɓoyo. Ta gaya mini a kicin cewa ba za a yi wa 'yarta wankan jego da hannun wata ba tana raye. Za ta tafi kafin watan haihuwa, da shi ko ba shi. Kuma ta ce in ta tafi ba za ta iya dawowa ba, gwiwoyinta sun gaji da matakalar gidan nan, zuciyarta ma ta gaji. Tana faɗa tana yanka albasa, ba ta kalle ni ba. Na ji tsoro ƙwarai, domin na san yayata, kuma na san mutumin nan ko shayi bai iya haɗa wa kansa ba.

Na same shi a falo na ajiye wasa gefe. Na ce masa matarsa za ta tafi ta bar shi, ya zaɓi ko wacce ce, ko ta roba ko ta kara. Ya saurare ni har na gama. Sai ya ce ai ya kusa, abin da ya rage kawai shi ne maganar kunama, don Mu'tasim ya ce ana iya sassauta ta Baturkiya, to in an sassauta ta kuma sai a sake gwaji. Wallahi da ba mijin yayata ba ne da na faɗa masa maganar da ba ta dace ba. Na fita ban ci tuwon ba.

Asabar ɗin da ta biyo baya, da hantsi, Yaya Dije ta kira ni ta ce in zo in raka ta. Na tarar ta sa mayafinta na fita unguwa. Shi ya riga ya tafi. Tun da ya fara zuwa wurin nan ba ta taɓa taka ƙafarta can ba, ta ce yau tana so ta ga waɗannan bindigogi da idonta.

Mu'tasim ya rikice da ganinta, ya kawo kujera, ya kawo shayi, ya ba ta abin toshe kunne ta ɗora a kan mayafi. Ɗantsoho ya waiwayo ya gan mu, ya ɗan yi turus, sai kuma farin ciki ya kama shi kamar yaro, ya shiga nuna mata. Ga ice, ta shafa ta ji. Ga roba, ta ɗaga ta ji rashin nauyi. Ta shafa, ta ɗaga, ta ce ya harba ta gani. Ya ɗauki Bajamushiya, ya saita, ya runtse ido, ya kawar da fuska, ya harba, ya sauke, hannu ya tafi ƙugu. Ya daɗe. Ya ɗauki Baturkiya, ya yi daidai yadda ya yi da farko. Ita dai tana zaune da kofin shayi a hannu, ba takardar take kallo ba, fuskarsa take kallo.

Da ya buɗe ido ta cire abin kunnen ta ajiye a cinya.

"Baban Nuha, ta yaya za ka zaɓa? Ai ba ka taɓa ganin ko ɗaya tana aiki ba."

Ya ce a kafaɗa ake jin bindiga, ba a ido ba.

"To ina kake zuwa in ka rufe idon?"

A can ƙarshen rumfar wani yana ta harbi a jere, tas, tas, tas. Sai da mutumin ya tsagaita sannan ya amsa, a hankali, yana kallon ƙasa.

"Gida nake zuwa, Dije. In ƙarar ta tashi, warin ya zo, sai in gan ni a fadama. Baba yana gaba. Komai yana nan yadda na bar shi, ko reshe ɗaya ba a karya ba. Kowace na ɗauka tana kai ni."

"In ka zaɓa kuma sai mu tafi gidan gaske."

"Sai mu tafi," ya ce. "In je in gani."

Ni da na zo da bakina cike da tsokana, sai na rasa inda zan sa idona. Shekara da shekaru ina yi wa mutumin nan dariya a kan ice da roba, ashe shi tsoro yake ji. Tausayinsa ya kama ni.

Yaya Dije ta miƙe, gwiwoyinta suna ƙara, ta je ta tsaya a gefensa na hagu, daidai inda yake juyar da fuska. Mu'tasim ya buɗe baki zai ce ba a tsayawa nan, ya fasa, ya dai matsar da ita baya kaɗan ya mayar mata da abin kunnen.

"Harba," ta ce. "In ka juyo, ni za ka gani."

Baturkiya ce a hannunsa. Ya ɗora ta a kafaɗa. Na ga wuyansa yana so ya juya da kansa, jijiya ta tashi, ya kai rabi ya ci karo da mayafinta, ya komar. Mu'tasim ya ce, "Yalla, ya Hajj," can ƙasa-ƙasa, wato maza, Alhaji. Ya harba da ido biyu a buɗe. Kwanso ya yi tsalle ya faɗi a siminti yana ƙara, ya bi shi da kallo da mamaki, don bai taɓa ganin fitarsa ba. Babu hayaƙin da za a jira. Ya sake taɓa kunama, ta tashi. Ya sake, ya sake, har ta ƙare ta yi shiru. Rana tana kan katanga, takarda tana can tana kaɗawa da 'yan hudoji a warwatse, bayanta tulin rairayi, bayansa kuma wani dogon gini da ba a gama ba.

Ya sauke bindigar. Hannunsa ya fara tafiya ƙugu, ya tsaya a hanya. Ya rufe ido da kansa, ya jira, ya buɗe.

"Baba bai zo ba," ya ce.

"Ya daɗe da tafiya, Malam. Mu ne muka rage."

Hawaye ya gangaro masa har cikin gemu, bai share ba, ita ma ba ta ce ya share ba. Mu'tasim ya juya yana gyara abin da ba ya buƙatar gyara. Can sai Ɗantsoho ya dubi bindigar da ke hannunsa, ya juya ta, ya ce kunamar ba ta kai taurin da yake zato ba. Ya miƙa wa Mu'tasim ya ce a sa sunansa a wannan. Mu'tasim ya tambaye shi ko ba zai gwada ɗayar da ido buɗe ba, don a yi adalci. Ya ce khalas, shi ke nan, wannan ce ya gani. Aka ɗaura mata ɗan ƙarfe mai sunansa da na mahaifinsa, aka sake ɗura mata harsashi ɗaya, ya harba ta tana tasa, aka mayar da ita kabad aka kulle. Ko minti biyar zaɓen bai ɗauka ba, irin sayen takalminsa.

A mikrobas ɗin dawowa bai ba da labarin komai ba. Ya zauna a bakin taga yana kallon gari kamar baƙon da ya sauka jiya, har yana tambayata yaushe aka gina wata gada da ya shekara yana bi ta ƙarƙashinta. Yaya Dije ta yi barci a kafaɗarsa.

Sun tafi kafin watan haihuwar. Ya miƙa majinyatansa ga wani ɗalibi mai haƙuri, ya bar mini kujerarsa da tukunyar shayi. Baturkiya tana nan a kabad, Mu'tasim yana shafa mata mai, ya ce ba zai cire sunan ba muddin makullan suna hannunsa. Nuha ta sauka lafiya, namiji, aka sa masa Badamasi. Yaya Dije ta yi wa 'yarta wankan jego da hannunta, har tana yi mini ƙorafin tsadar itace a Kano.

Bai je Tungar Marke ba, ba mai zuwa. Amma ya je ya gaida 'yan uwansa inda suke raɓe, ya zauna a cikinsu, ya saurari abin da ya faru da kowa da kowa, sunan wanda aka kashe da na wanda aka sace, kuma Yaya Dije ta ce bai tashi yin alwala ba har aka gama. Ta ce ya yi kwanaki ba ya cin abincin kirki, daga baya ya ware.

Rannan na kira su ta bidiyo da la'asar. Yaya Dije ta ɗauka, ta sa yatsa a baki, ta juya wayar. Yana zaune a kan tabarma a inuwar gidan Nuha, jaririn yana kwance a kafaɗarsa ta dama, ya tallafe shi da hannu biyu, ya jingina kunci da kansa, ido a rufe. Na ɗauka barci yake. Na ce a hankali, Sarkin Baka, an koma fadama ne?

Bai buɗe ido ba. Ya ce in rage murya, kanya ta nuna, kuma yau su uku ne a hanya, Baba a gaba, shi da jaririn a baya.